Godiyar Matan Turba Kan Jif Ɗin Alhaji Kamaluddeen

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Malami. Mai girma uban ƙasa, Allah ya ja zamaninka. Wakilin shugaban ƙaramar hukuma. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Babban baƙonmu kuma ɗanmu, wanda dominsa anka kafa rumfunan ga, Alhaji Kamaluddeen. 'Yan kwamitin ci gaban gari da ke zaune a inuwa. Iyayena mata da ƙannena da ɗiyana da ke zaune a rana. Jama'ar Turba, da baƙinmu na Isa da Sabon Birni, ina yi muku sallama irin ta Musulunci. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Saude, ni ce ungozomar ɗakin shan magani na garin ga. Da yawa daga cikin samarin da ke tsaye can bayan rumfa suna ɗaga waya, a tafin hannuna sunka fara kuka, ko da yake yanzu in mun haɗu a hanya ba duka ke gaishe ni ba. Kwamiti ya aiko mini cewa tun da yau za a ba Alhaji lambar yabo saboda motar da ya ba gari kyauta, kuma tun da don mata anka kawo motar, to mace ta tashi ta yi godiya. Sun ce in yi godiya, kuma in taƙaita. Godiya za ni yi. Taƙaitawa kuwa, sai yadda Allah ya nufa.

Bari in tuna wa baƙi yadda abin ya faro. Mu mata ne munka je gaban kwamiti munka ce mun gaji da ɗora mai naƙuda a bayan kabu-kabu, wata ta riƙe ta ta baya, a bi da ita ta rami da yashi har Isa. Munka ce a nema mana mota, kowace iri ce, ko tsohuwa, ko mai hayaƙi, in dai an murɗa makulli tana tashi. Kwamiti ya ɗauki kokenmu ya kai wa Alhaji a Sakkwato. Alhaji kuwa, da yake hannunsa a buɗe yake, ya ce ai matan garinsu sun wuce a sa su a tsohuwar mota. Sai ya ba mu tasa ta hawa, baƙar jif, mai baƙin gilashi, wadda kuɗinta in an faɗa mini ma ba za ni iya riƙewa a kai ba. Ranar da anka kawo ta na yi guɗa har muryata ta dishe. Na ji da kunnena Alhaji yana gaya wa uban ƙasa cewa in kana cikinta ba ka jin hayaniyar waje, na waje ma ba shi jin taka, ba shi ganinka, kuma gilashinta ko da dutse anka jefe shi ba shi fashewa. Jama'a sunka yi kabbara. Ni ma na yi.

Ga ta can an wanke ta, an ɗaura mata ƙyalle, tana ƙyalli kamar amarya. Ina miƙa godiya ta musamman ga matasan da sunka turo ta da kafaɗa tun daga ƙofar uban ƙasa da safen ga, don kada baƙi su iso ita ba ta iso ba. Allah ya biya ku guminku.

To, godiyarmu ta farko ita ce ta ilimi. Da can mu jahilai ne, muna zaton mota abu ce da direba ke sarrafawa. Wannan motar ta koya mana cewa akwai motar da ke da ra'ayin kanta. Tsakiyar bazara, rana na dukan ƙasa, ba ko gajimare, sai ka ga ta kama share gilashi da kanta, tana sharewa, tana sharewa, ruwan da ba mai ganinsa sai ita. Ran da ruwan ya sauko da gaske kuwa, sai ta ce ita ta gama nata aikin tun bazara. Ranar wata Juma'a, liman na tsakiyar huɗuba, motar na ajiye ba kowa a ciki, ta saki ƙara, fitilunta na walƙiya, har sahun baya ya watse, don kun san a zamanin ga ƙara ba ta yi mana daɗin ji. Allah gafarta malam na nan, ba zai ƙaryata ni ba. Kuma shi ne zai fi ni ba da labarin ranar da anka ɗauko shi zuwa ɗaurin aure, kujerar ta kama ɗumama shi ta ƙasa cikin watan zafi, ya yi ta haƙuri don kunya, har ya kasa ya ce wa direba: «Abdulrasheed, don Allah tsaya, ko ni ne ba lafiya, ko kujerar ga wuta take.» Ashe wata ni'ima ce anka tanadar wa mutanen ƙasar ƙanƙara, motar ta ga bai kamata limaminmu ya rasa rabonsa ba.

Ta koya mana cewa mota na iya gajiya tana kwance. A ajiye ta lafiya lau, a zo tashinta a tarar batir ya mutu murus, don ita ba ta barci, tana can tana ta tunane-tunanenta. Ta kuma koya mana ladabi, domin duk sa'ad da za ta ƙi tafiya sai ta rubuto bayani a allon gabanta, cikin harshen da malamin Turanci na makarantar ga ya duba ya duba ya ce shi dai ba nasa ba ne. Abdulrasheed, direban da kwamiti ya ɗauka, yaro ne mai haƙuri, ya yi tuƙin motar kasuwa shekaru tsakanin nan da Sabon Birni. Ya kai ta wurin makaniken Isa, mutumin da ke kwance inji ya mayar da shi kafin a kira la'asar. Ya buɗe gabanta ya leƙa, ya rufe a hankali, ya wanke hannunsa, ya ce: «Wannan ba mota ba ce, asibiti ce, ku nemi likita.»

Godiyarmu ta biyu ita ce ta zumunci. Dalilin motar ga mun zama dangi da manyan ƙasa. Wani ya sa Abdulrasheed cikin zauren waya na masu irin wannan mota, na Abuja da Legas da Kano, inda suke kai kukansu ga junansu. Yakan zo ɗakin shan magani ya karanta mana, mu ji tausayin bayin Allah. Wani ya ce kujerarsa ta daina yi masa tausa a baya. Wani ya ce akwatin sanyi na cikin motar ya daina sanyaya masa lemo. Wani ya ce allon ya mutu yana tsakiyar kallo. Wata baiwar Allah ta ce motar ta kulle kanta da jakarta a ciki a ƙofar wurin biki, har ta shiga ba ta yi liƙi ba. Duka kukansu ɗaya ne, wai wutar motar ce ke da aljanu, an gyara ta dawo, an gyara ta dawo. Na ce wa Abdulrasheed ya tambaye su, in ta yi musu haka, me suke yi? Ya tambaya. Sunka ce ai sai su shiga ɗayar motar. Jama'a, kun ji magani mai sauƙi, mu ne dai ba mu yi wannan dabarar ba.

Mun kai wa kwamiti waɗannan labarai tun da wuri. Kwamiti ya ce kyauta ce, ba a bincikar kyauta, kuma kada maganar ta kai kunnen Alhaji ransa ya ɓaci. Muna godiya ga kwamiti da ya kiyaye ran Alhaji.

Godiya ta uku tana da tsawo, shugaba ya yi haƙuri, na ga yana duba agogo.

A cikin daminar da ta wuce, wata safiya bayan an kwana ana ruwa, anka kawo mini Zulaiha matar Yari. Kun san Yari, manomin gero ne a gabas da gari, ba shi da hayaniya. Wannan ne cikin Zulaiha na fari da ya kai watanninsa, bayan ɓari da ta sha yi. Na duba ta na ga ɗan ya kwanta a gicciye, kuma jini ya fara zuwa. Wannan ba aikin hannuna ba ne, aikin tiyata ne. Na ce wa Yari: «Hau babur ka riga mu zuwa Isa, ka nemi 'yan uwanka da za su ba da jini, ga mu nan bayanka.» Ya ce: «Inna, motar za ta kai ku?» Na ce ta tashi da safe, ga ta nan tana aiki. Ya dubi matarsa, ya hau babur ya tafi.

Mu uku munka shiga: Abdulrasheed a gaba, ni da Zulaiha a baya, kanta a cinyata. Gaskiya ɗaya za ni faɗa, farkon tafiyar ban taɓa jin daɗin hanya irin nata ba. Ba girgiza, ba ƙura, sanyi na busowa. Zulaiha, cikin ciwonta, ta buɗe ido ta ce: «Inna, ashe haka masu kuɗi ke ji.» Munka yi dariya.

Da munka iso kwarin nan da ruwa ke kwanciya, ruwan bai kai gwiwar yaro ba, ga sawun babura sun ratsa shi. Abdulrasheed ya shiga a hankali, ya fita. Muna haurowa tudu, duk fitilun gaban motar sunka kama lokaci ɗaya, ta yi wani kuka siriri, sai komai ya ɗauke. Inji ya mutu, allo ya yi baƙi, sanyi ya tsaya. Sai munka ji ƙas a ƙofofi huɗu. Ta kulle.

Abdulrasheed ya danna abin tashi, shiru. Ya ja hannun ƙofa, shiru. Ya danna na gilashi, shiru, don a motar manya ba a wahalar da mutum da murɗa taga da hannu. Ya ciro waya, ba sabis a wurin, kowa ya san haka. Ya kwanta ya dinga dukan gilashi da ƙafafunsa biyu har takalminsa ya tsinke. A nan ne munka tabbatar Alhaji ba ya ƙarya: gilashin ba shi fashewa.

Rana ta fito bayan ruwa, irin fitowar nan mai zafi, ta sami baƙin ƙarfe a fili. Kafin wani lokaci numfashi ya fara yi mana wuya. Na cire mayafina ina yi wa Zulaiha fifita, gumi na zuba daga fuskata zuwa tata. Jini na ƙaruwa. Ga jakar aikina a hannu, ga ilimin da Allah ya ba ni, ba abin da za su yi mata.

Mutane sun wuce, kada ku ce ba su wuce ba. Na ga babura da idona, wasunsu na san masu su, watakila suna cikin taron ga. Muna ihu, muna buga gilashi. Amma motar ba ta barin na waje ya ji na ciki, ba ta barin ya gan shi. Abin da suke gani shi ne baƙar jif mai baƙin gilashi tsaye a daji ba motsi. A halin da hanyoyinmu ke ciki yau, wa zai tsaya ya leƙa? Kowane ya hango ta sai ya kauce ta cikin gona ya ƙara wuta. Ban ga laifinsu ba. Da ni ce a kan babur ɗin, haka za ni ce wa mai tuƙi ya yi.

Zulaiha ta daina nishi, ta koma salati a hankali. Can ta kama hannuna ta ɗora a cikinta ta ce: «Inna, ɗazu shina motsi. Ji mini.» Na shafa, ban ji motsi ba. Na ce mata ta yi ta addu'a. Abdulrasheed ya juya fuskarsa gaba yana kuka, babban mutum, yana cewa ta yafe masa. Ta ce: «Kai mi ka yi?»

Wanda ya tsaya shi ne Yero, makiyayi daga rugar da ke arewa da kwarin. Ya koro shanunsa shan ruwa, ya ga mota, ya tsaya daga nesa yana kallo. Ku yi tunanin matsayinsa. Bafillace, shi kaɗai, a daji, a wannan zamani, kusa da motar babban mutum. In wani ya gan shi ya ɗaga mata hannu, wa zai saurari bayaninsa? Ya juya zai tafi. Na haye kujerar gaba, na manna zanen Zulaiha da ya jiƙe da jini a gilashin gaba, wanda ya fi sauran haske, ina bugawa. Ya waiwayo. Ya matso a hankali, ya kare idonsa da hannu ya leƙo, ya ga fuskata. Ya buga da sandarsa, sandar ta tsage. Ya sheƙa da gudu, na ce shi ke nan ya tsere. Ashe gatari ya je ɗaukowa. Ya yi ta sara, ya yi ta sara, gilashin na tsagewa ba shi zubewa, har ya samu ya ɓamɓare shi kamar fata. Hannunsa duk ya yanke. Ta nan munka fito da Zulaiha.

Shi ya ɗauro amalanken shanunsa, matarsa ta shimfiɗa tabarma a kai, ya ja mu har babbar hanya, inda wata motar hatsi mai zuwa Isa ta ɗauke mu a kan buhuna. Tsohuwar mota ce, ƙofarta da igiya anka ɗaure ta. Ba ta tsaya ko sau ɗaya ba.

Mun tarar da Yari tsaye a ƙofar asibiti da ƙannensa, tun hantsi yana kallon hanya, rana har ta karkata. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Sun ceto Zulaiha. Ɗan namiji ne, cikakke, mai gashi. Bai yi kuka ba. Ni na naɗe shi na miƙa wa ubansa.

Ban ce mota ta kashe shi ba, kada a fita a ce Saude ta ce. Rai na Allah ne, kuma ba mai wuce lokacinsa. Abin da likita ta gaya mini a gefe kawai za ni maimaita, ta ce: «Inna, ina kunka tsaya?»

Godiya ta huɗu ta kwamiti ce, saboda saurin da ya yi. Ba a yi kwana uku ba sai da ya zauna. Na ɗauka za a kira ni a tambayi yadda anka yi. An kira ni kuwa. Tambayar ita ce, wa ya ba Yero izinin fasa gilashi, kuma an san irinsa sai an aiko da shi daga waje? Har wani ya kawo shawarar a kai maganar gaban hukuma, sai da uban ƙasa ya tsawatar, Allah ya ƙara masa girma. Na duba rumfunan ga tun da na zo, ban ga Yero ba. Na tambaya, an ce kujeru ba su isa ba.

Daga baya an ɗora motar a bayan babbar mota an kai ta Sakkwato, wurin mai gyaran wutar irin waɗannan motoci, wanda ke haɗa su da kwamfuta. Abdulrasheed ya raka ta. Ya ce mutumin na ganin lambarta ya yi dariya ya ce: «A'a, ashe tsohuwar baƙuwata na nan da ranta! Ai ta fi kwana a garejin ga bisa gidan mai ita.» Ban ce Alhaji ya san da haka ba. Babban mutum mai harkoki da yawa ba lallai ya san inda kowace motarsa ke kwana ba. Da Abdulrasheed ya ba shi labarin abin da ya same mu, sai mutumin ya daina dariya. Ya buɗe ƙofa, ya ɗaga shimfiɗar ƙafa, ya nuna masa wata 'yar igiya ja a ɓoye. Ya ce in wuta ta ɗauke, ita ake ja, ƙofa ta buɗe. Jama'a, a ƙarƙashin ƙafata take. Duk tsawon wannan yini ina taka ta. Ranar da anka kawo motar an yi jawabai, an yi kiɗa, an nuna mana inda ake sa kofin shayi. Igiyar ce kawai anka manta.

An gyara ta, an dawo da ita, ta yi 'yan kwanaki tana tafiya, sa'an nan ta koma halinta. Tun daga ranar ba macen da ta sake shiga cikinta, ko an ce ta tashi. Mun koma kan kabu-kabu, kuma yanzu muna hawansa da godiya.

Alhaji, ranka ya daɗe, na san mahaifiyarka, Allah ya ji ƙanta, tare munka ɗebi ruwa a rijiya ɗaya, don haka za ni yi maka magana kamar uwa. Ba mu raina kyautarka ba, kuma ba mu ce ba ka yi niyyar alheri ba, zuciyarka kai da Ubangijinka. Karɓi lambarka, an riga an buga sunanka a kai. Amma matan Turba sun aiko ni da roƙo. A ɗauki motar ga a mayar da ita birni, inda take da 'yan uwa da likitoci, a sayar wa wanda ke da wata. A kawo mana wadda makaniken Isa zai buɗe ya gane, wadda ake buɗe ƙofarta da hannu, a sauke tagarta da hannu, wadda in ta tsaya a daji mai wucewa zai leƙo ya ga mutane ne a ciki. Ba mu son sanyi, ba mu son tausa, ba mu son kallo. Muna son mu isa. Kuma a aika a kira Yero, a yi masa godiya a gaban jama'a kamar yadda anka tara jama'a yau, ko da ba a buga masa komai a katako ba.

Saura saƙo ɗaya. Jiya na je gidan Yari na gaya wa Zulaiha za ni yi magana a nan, na tambaye ta ko in ambaci sunanta ko in sakaya. Ta ce in ambata. Sa'an nan ta ce akwai abin da za ni ƙara. Na ce mata wannan ba maganar da mace ke bari a faɗa a gaban maza ba ce. Ta ce: «Inna, kunya ba ta kai ni Isa. Ki gaya musu ina da wani cikin, kuma likita ta ce wannan ma sai an yi aiki. Cikin damina za ni haihu. Su gaya mini da mi za ni tafi.»

Shugaba, 'yan kwamiti, Alhaji, na isar. In na tashi daga nan gidanta za ni biya, kuma za ta tambaye ni abin da kunka ce.

Allah ya sauki masu ciki lafiya. Allah ya ba Yari da Zulaiha haƙuri, ya sa wanda sunka rasa ya zama mai cetonsu. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da kewayenta, ya ba mu damina mai albarka. Allah ya ƙara wa masu hali arziki, ya ƙara musu da tambayar mabuƙaci abin da yake buƙata. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, wanda ya zo a mota da wanda ya zo a ƙasa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.